Kayan miyarmu: 'yan gida da baƙi, da abin da kowanne yake kai wa jiki

Idan uwargida ta ce a biya kasuwa a sayo mata kayan miya, ba sai ta yi dogon bayani ba. Ɗan aike ya san tumatir take nufi da tattasai da attaruhu da albasa. Waɗannan huɗun sun mamaye tukunyarmu har sun ƙwace sunan, ta yadda kuka da kuɓewa da yakuwa sai an kira su da sunayensu kafin a san ana buƙatarsu. Amma uku daga cikin huɗun ba a san su ba a ƙasar Hausa, kai har a duk faɗin Afirka da Turai da Asiya, kafin shekarar 1492 da Kolumbus ya tsallaka teku ya isa nahiyar Amurka. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, duk ƙasaitarsa bai taɓa ɗanɗana jar miya ba, kuma ba wanda ya kasa tumatir a Kasuwar Kurmi a zamaninsa.

Ba don a kushe baƙin nan na kawo zancen ba. Sun zauna da mu, sun ciyar da mu, dubban gidaje kuma da su suke rufa wa kansu asiri. Abin da ya dame ni shi ne yadda zuwansu ya sa muka mayar da ganyayen da suka riga su abincin marar hali, alhali abubuwan da jikin yaranmu da matanmu suka fi rasawa a yau a cikin ganyayen nan suka fi yawa.

Yaya ake gane asalin tsiro? Masana suna duba inda danginsa na daji suke fitowa da kansu ba tare da an shuka su ba, da kuma inda ire-irensa suka fi yawa da bambanta. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Nikolai Vavilov, shi ya kafa wannan hanya a shekarun 1920, bayan ya zaga ƙasashe da dama, ciki har da Habasha, yana tattara iri. Yanzu an ƙara da binciken ƙwayoyin halitta da kuma guntayen iri da ake tonowa a tsofaffin kufai. Da waɗannan aka tabbatar cewa dangin tumatir na daji a yankin tsaunukan Andes suke, wajajen Peru da Ekwado, kuma a Meziko ne aka mayar da shi amfanin gona sosai. Mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, inda aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi saboda yana da dangantaka da wasu tsirrai masu guba. Barkono da danginsa su ma daga can suke, kuma jiragen 'yan kasuwar Fotugal ne suka yaɗa su a gaɓar Afirka da Asiya.

Tumatir bai zama abin da muka sani yau ba sai da noman rani ya bunƙasa. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suka koma cibiyar tumatir, daga nan manyan motoci suke lodin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu. Irin da manoma suka fi rungumar su ne masu tauri da kauri da ƙarancin ruwa, kamar UTC da Roma, domin su ne suke jure wahalar hanya, su ne kuma suke yin miya mai kauri ba tare da an daɗe ana ƙona ruwa ba. Mai tambayar dalilin tsadar tumatir da damina, amsar tana cikin halin tsiron ne. Yana son sanyin dare da bushewar iska irin ta hunturu. Idan dare ya yi zafi fure yakan zube bai ƙulla ɗa ba, idan laima ta yi yawa cututtuka su taso masa. Shi ya sa yake arha daga Janairu zuwa Maris har a riƙa yankawa ana shanyawa a yi kauɗa, sannan ya yi wuya idan ruwa ya sauka. Har babban maƙiyinsa ma daga garinsu ya biyo shi. Tsutsar nan da manoman Kano suke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta ɓulla a Sifaniya a 2006, sannan ta gangaro Afirka.

Tattasai da shambo, duk da bambancin kamanninsu, jinsi ɗaya ne. Attaruhu kuwa wani jinsi ne daban mai asali a yankin kogin Amazon, shi ya sa ƙanshinsa ya fita dabam. Abin da ke sa yaji wani sinadari ne mai suna kafsaisin, kuma ba a cikin 'ya'yan ya fi taruwa ba kamar yadda aka ɗauka, a jikin farar tsokar nan ne da 'ya'yan suke manne da ita. Mai son ƙanshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, wannan farar tsokar zai cire. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, don haka wanda yaji ya kama ya fi samun sauƙi da kurɓin nono ko madara a kan kofin ruwa. Akwai kuma zargin da aka daɗe ana yi wa barkono cewa shi ke kawo gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan olsa, har suka sami kyautar Nobel a 2005 saboda wannan. Yaji yana iya tayar wa mai olsa da ciwo, amma ba shi ne mafarin cutar ba.

Wani abin da zai ba mutum mamaki shi ne miyar taushe, wadda muke fitarwa ranar suna da ranar sallah a matsayin miyar gargajiya. Kabewa daga Amurka take. Gyaɗa daga Kudancin Amurka take. Irin alayyafon da ya fi yawa a kasuwa shi ma can asalinsa yake komawa, ko da yake Afirka tana da nata danginsa na daji. Wannan bai rage wa taushe komai ba. Hannun matan Hausawa ne ya haɗa waɗannan baƙi da yakuwa da daddawa ya fitar da abin da ba a taɓa dafawa ba a ƙasashen da suka fito.

Albasa baƙuwa ce ita ma, sai dai tsohuwar baƙuwa. Ita da tafarnuwa asalinsu tsakiyar Asiya ne, kuma tun zamanin Fir'aunoni ake noman su a Masar. Alƙur'ani ya ambaci albasa a aya ta 61 ta Suratul Baƙara, cikin abubuwan da Bani Isra'ila suka roƙa a fitar musu daga ƙasa. Ta daɗe a wurinmu har ta haifi irin da duk Afirka ta Yamma ta sani, wato jar albasar Galmi, mai ɗauke da sunan garin nan na jihar Tawa da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Ƙarfin warinta da jure ajiyarta suka sa ta yi suna, kuma fataken Nijar suna kai ta kasuwannin Akara da Kumasi da Abijan. A Nijeriya kuwa ba a zancen albasa a bar Aliero ta jihar Kebbi da fadamun Sakkwato. Ba a yar da komai nata: ganyenta ɗanye shi ne lawashi, idan aka kirɓa aka dunƙula aka shanya ya zama gabu. Citta mai yatsa daga kudu maso gabashin Asiya take, kuma yau Kudancin Kaduna, wajajen Kaciya da Kwoi, ita ke noma mafi yawan ta Nijeriya. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indonesiya yake. Zogale, wanda muke gani a bayan kowane danga kamar tare aka halicce su, asalinsa arewacin Indiya ne, gindin tsaunukan Himalaya.

Karas da kabeji da latas su ne 'yan baya-bayan nan, sun yaɗu ne da zuwan Turawa, suka sami wurin zama a sanyin Jos da lambunan rani. Karas na farko a yankin Afganistan da Farisa aka noma shi, kuma launin shuni ne da rawaya. Mai ruwan lemon nan da muka sani a Holan ya yi ƙarfi a ƙarni na 17.

To su wane ne 'yan gida? Kuka ce kan gaba, bishiyar da ke iya rayuwa fiye da shekara dubu. Sai kuɓewa, wadda Afirka ta Yamma take da nata irin na musamman, dogon nan mai daɗewa a gona yana 'ya'ya har cikin rani, ban da gajeren da ke saurin nuna da damina. Kuɓewa ta bi bayin da aka kwasa daga Afirka ta tsallaka teku, shi ya sa har yau miyarta take cikin abincin Luwiziyana ta Amurka da Barazil da tsibiran Karebiyan. Sai yakuwa, tsiro ɗaya mai amfani uku: ganyen a yi miya ko fate, jan kofaton furen a yi soɓo, 'ya'yan a yi daddawar batso. Soɓon da ake tarawa a kasuwannin Jigawa kamar Maigatari yana kaiwa har Meziko, ƙasar da ta ba mu tumatir, inda ake shan sa kamar yadda muke sha. Sai rama 'yar'uwar yakuwa, da karkashi, da lalo wanda Misirawa da mutanen Sudan suke miya da shi, Yarabawa ma haka, a zangunan Gana kuma da shi ake cin tuwon zafi ana kiransa ayoyo. Sai gauta da yalo da ɗata, dangi ɗaya masu bambancin ɗaci. Sai na daji waɗanda ba a shuka su, damina ce ke kawo su kyauta: gasaya, yaɗiya, da ɗinkin, wato tohon ganyen ɗinya, sai tafasa, ko da yake ita masana suna ganin asalinta daga Amurka ne. A Sudan da Chadi ana ruɓar da ganyen tafasa a tulu a binne, a fitar da wani abu mai suna kawal da ake sa wa miya a madadin nama.

Yajin da aka sani kafin zuwan barkono shi ne masoro da kimba da citta mai 'ya'ya. Wannan cittar ta yi darajar da ayari ke ɗaukar ta su tsallaka Sahara da ita, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka laƙaba wa gaɓar tekun da ke Laberiya ta yau sunanta. Mu kuma mun bar su yanzu ga yajin mai jego da kunun tsamiya da shayi.

Yanzu ga gundarin maganar. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. A Arewa maso Yamma, fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Dalilan suna da yawa, akwai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da talauci da rashin tsaftataccen ruwa, ba wanda zai ce miya kaɗai za ta warware su. Amma abinci yana ciki. Tuwon masara ko dawa ko shinkafa yana cika ciki ya ba da ƙarfi, sai dai ƙananan sinadaran da jiki yake buƙata don haɗa jini da gina ƙashi da kare ido, da yawansu daga miya suke zuwa. A gidan da nama sai ran kasuwa ko ran sallah, miya ce babbar ƙofar da suke shigowa.

A ɗauki giram 100 na kowanne a gwada. Tumatir kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, sinadarin ayon da ke cikinsa, wanda da shi jiki yake haɗa jini, bai wuce miligiram 0.3 ba. Kabeji yana da kimanin 0.5. Ɗanyen alayyafo yana da sama da miligiram 2, zogale kimanin 4, lalo kusan 5. A wajen kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, kabeji yana da kimanin miligiram 40, alayyafo da lalo kuwa kowanne ya haura 200, garin kuka kuma yana cikin abincin da suka fi kowanne yawan kalsiyam a duk abin da muke ci. Haka abin yake a wajen sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana yaro a gaban ƙyanda da gudawa: ganye mai duhun kore ya fi mai haske nesa ba kusa ba. Latas da kabejin da ake yi wa kallon abincin 'yan gayu suna da amfaninsu, amma a wannan ma'auni ba su kama ƙafar gasaya da tafasar da ke fitowa a bakin hanya ba.

Baƙin ma ba a bar su a baya ba, kowanne da inda ya yi fice. Jan tattasai ya ninka lemon zaƙi fiye da sau biyu a bitamin C, kimanin miligiram 128 a giram 100, lemo kuwa kimanin 53. Daga jan tattasai ne ma masanin nan ɗan Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya tace bitamin C mai yawa a shekarun 1930, ya kuma sami kyautar Nobel a 1937. Karas da jar kabewa suna cike da abin da ke zama bitamin A. Tumatir yana da laikofin, sinadarin da ke ba shi launin ja, wanda jiki ya fi tsotsa idan an dafa tumatirin da mai, wato jar miyarmu da ake soyawa ta fi ɗanyen tumatir a wannan fuska. Albasa ba ta da yawan bitamin, aikinta ya fi ƙarfi a wajen ɗanɗano da kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji. Yauƙin kuɓewa da karkashi da lalo, wanda wasu suke ƙyama, wani nau'in harza ne mai narkewa da ke rage saurin shigar sukari cikin jini ya kuma sauƙaƙa bayan gida.

Zogale yana buƙatar a tsaya a kansa, domin an zuzuta shi har an wuce gona da iri. Ganye ne mai albarka, ba shakka. Ɗanyensa yana da furotin kimanin giram 9 a cikin 100, abin da ba kasafai ake samu a ganye ba, busasshen garinsa kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne. Amma tallan da ake yi cewa ya ninka madara sau kaza, ya ninka lemo sau kaza, yawanci ana gwada busasshen gari ne da abu mai ruwa, kuma ba wanda yake cin giram 100 na garin zogale a zama ɗaya. Cokali ɗaya da aka barbaɗa a kunu ba zai yi aikin kwanon kwaɗo ba. Ba ya kuma warkar da ciwon sukari ko hawan jini ko cutar daji. Raina yana ɓaci idan na ga an ɗura garinsa a roba ana sayar wa marasa lafiya da tsada a matsayin magani, alhali bishiyar tana tsaye a bayan gidansu, kuma a matsayin abinci ne take da tabbataccen amfani.

Akwai kuma gaskiyar da masu yabon ganye suke tsallakewa. Abin da ke cikin ganye daban, abin da jiki ya iya ɗauka daban. Ayon na tsirrai ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama da hanta da kifi. Alayyafo yana da wani sinadari, okzalet, da ke riƙe wani ɓangare na kalsiyam ɗinsa ya hana jiki amfana da shi. A nan ne yadda aka haɗa abinci da yadda aka dafa shi yake zama rabin aikin, a nan ne kuma na fi jinjina wa iyayenmu mata.

Dubi yadda ake kwaɗon zogale. A zage ganyen daga karan, a tafasa, a tsame a matse. A daka ƙuli-ƙuli a zuba, a yanka ɗanyen tumatir da albasa, a sa barkono da gishiri, a ɗiga man gyaɗa, a cakuɗa da hannu har kowane ganye ya ɗauki garin ƙuli. Masanin abinci da zai zauna ya tsara wannan da alƙalami, da wuya ya fi haka. Bitamin A ba ya shiga jiki sai da maiƙo, ga mai ga ƙuli. Ayon na ganye yana ƙara shiga idan akwai bitamin C a tare da shi, ga ɗanyen tumatir da barkono. Ƙuli kuma ya ƙaro furotin. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma haka zancen yake a kwaɗon rama da dambun zogale da faten tsaki mai yakuwa.

Sai dai akwai al'adun girki da suke zubar da abin da aka wahala aka samo. Na farko daɗewa a wuta. Bitamin C da folet, wanda mai ciki take matuƙar buƙata tun farkon ciki, ba sa jure dogon dahuwa, kuma suna narkewa su bi ruwa. Ganyen da aka yanka sannan aka wanke, aka tafasa har ya yi baƙi, aka zubar da ruwan, ya yi asara mai yawa. A wanke kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen girki, in ba mai ɗaci ba ne da dole sai an zubar da ruwansa kamar shuwaka. Na biyu kanwa. Tana sa ganye ya yi laushi da wuri, ta tsare korensa, ta ƙara wa kuɓewa yauƙi, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, ga shi kuma tana ɗauke da sodiyam irin na gishiri. Ɗan kaɗan ya isa. Na uku shan shayi a kan abinci. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke kama ayon ya hana shi shiga jiki, don haka mai ƙarancin jini gara ta bari a ɗan jima bayan cin abinci kafin ta sha.

Na huɗu shi ne shanya, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai tunda watanni da yawa a shekara busasshen ganye muke ci. Rana mai zafi tana cinye sinadarin da ke zama bitamin A. Kukar da aka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa takan fito kore shar, wadda aka baza a tsakar rana kuwa sai ta koɗe ta yi fari-fari, kuma bambancin launin nan bambancin amfani ne. Kalsiyam da ayon ba sa gudu da shanya, shi ya sa busasshiyar kuka da kuɓewa da karkashi suke da daraja har a tsakiyar bazara lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Shanyar bakin titi kuwa, inda ƙura da hayaƙin mota da awaki suke bi ta kan tattasai da kauɗa, matsala ce ta tsafta da ya kamata a daina.

Kayan ƙanshi da ganyayen sha ba a cin su da yawan da za su ciyar da jiki, amfaninsu ta wata hanya yake zuwa. Tafarnuwa ba ta fitar da sinadarinta mai ƙarfi, alisin, sai an daka ta ko an yanka, don haka yana da kyau a bar ta 'yan mintuna bayan dakawa kafin ta shiga wuta. Citta tana rage tashin zuciya, an gwada wannan a kan masu laulayin ciki an ga tasirinsa. Man kanumfari yana kashe zafin haƙori na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa. Na'a-na'a tana kwantar da kumburin ciki, ɗoɗɗoya tana gyara miya da farfesu. Soɓo yana ɗan sauke hawan jini: wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa kofi uku a rana na tsawon mako shida ya rage awon sama da kimanin maki 7. Wannan soɓo ne marar sukari, ba irin wanda ake cika wa zaƙi a ƙulla a leda ba, kuma ba dalili ba ne na ajiye maganin asibiti. Shuwaka da ake cewa tana maganin ciwon sukari, mafi yawan gwaje-gwajenta a kan ɓeraye aka yi. A ci ta a miya, a ci gaba da ganin likita.

Daddawa ta cancanci a ambace ta a nan ko da ba ganye ba ce. Kalwar ɗorawa ce da aka dafa aka rufe ta ruɓa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku nata furotin ne. Dunƙulen da ya kore ta daga tukunya kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar aka ƙara gishiri a kai tana kai mutum kusa da wannan iyaka tun kafin dare. Hukumar ta kuma ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. Cokali biyu na garin kuka da aka kaɗa a tukunyar mutum goma bai kusa da wannan ba, duk albarkar kuka. Matsalar ba irin ganyen kaɗai ba ce, har da yawansa a kwano.

Abin da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji da karas da yalo, yana buƙatar wanki na gaske da ruwa mai tsafta, musamman na lambunan gefen birni da ake ba ruwan kwata. Manomi kuma ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin feshi tsakanin fesawa da tsinka, domin wanki ba ya fitar da duk abin da ya riga ya shiga jikin tsiro.

Idan ka shiga shagon kayan noma za ka sami irin tumatir da kabeji da karas a gwangwani da fakiti, an shigo da su daga waje, kowanne da sunansa da kwanakin nunarsa. Irin gasaya ko karkashi ko lalo kuwa sai dai a wurin tsofaffin mata da suke ƙulle shi a tsumma daga damina zuwa damina, kuma filayen da na daji suke fitowa suna ta komawa gidaje da gonakin da ake fesa wa maganin ciyawa. Kukoki suna tsufa suna faɗuwa, ba a cika dasa sababbi ba saboda ana ganin sai jikoki za su ci moriyarsu. A ƙasar Mali, wajajen Segu, masu binciken aikin gona sun nuna cewa ba dole sai an jira bishiya ba: ana shuka kuka a kwami kusa da kusa kamar alayyafo, a riƙa ba ta ruwa, cikin 'yan watanni a fara tsinkar ɗanyen ganye, ana yanka tana tohowa har cikin rani. Haka ake yi wa zogale a lambunan Maraɗi da kewayen Yamai. Duk fadamar da ke fitar da tumatir a Kura ko albasa a Aliero tana iya ɗaukar kwami biyu ko uku na irin wannan a gefe.